Gundumar Draguignan a Faransa: ban da Saint-Tropez, akwai abin gani?

Bakatsine77:
Assalamu alaikum jama'a. Ina wani kwas a Marseille, kuma za a ba mu ɗan hutu kafin mu dawo gida. Abokan karatuna ba su da zance sai Saint-Tropez, wai a je a ga jiragen ruwan attajirai. Ni kuma wani ya turo min hoton wani jan masallaci mai siffar na Djenné da ke Mali, ya ce a garin Fréjus yake, kuma wai Fréjus da Saint-Tropez gundumarsu ɗaya, wato Draguignan. Don Allah masu sani, hoton nan gaskiya ne ko haɗin kwamfuta? Ana sallah a ciki? Sannan gundumar nan tana da abin da zai sa mutum ya kashe kuɗin jirgin ƙasa, ko bakin tekun masu hannu da shuni ne kawai?

BaƙonMarseille:
Wa alaikumus salam. Hoton gaskiya ne, na je da ƙafata. Sunansa Missiri, yana wajen gari ta ɓangaren barikin soja, kan hanyar Bagnols. Amma ka yi sallarka kafin ka tafi, domin ba a sallah a ciki. Ba ginin ƙasa ba ne, siminti ne aka shafe da jan launi. Har itatuwan nan da ke leƙowa daga bangon masallacin Djenné, waɗanda magina ke takawa in za a yi yaɓe, su ma da siminti aka kwaikwaye su. Tsakiyarsa a buɗe take, babu rufi. Lokacin da na je an kewaye shi da waya, daga waje na tsaya. Itatuwa masu ganye kamar allura sun zagaye shi, gyare na ta kuka, babu ladan babu buta babu tabarma. Sai da jikina ya yi sanyi.

UmmuHanif:
To masallacin da ba a sallah a cikinsa mene ne amfaninsa? Wa ya gina shi?

Malam_Tarihi:
Hajiya, sojoji suka gina shi, kakanninmu. Tun yaƙin duniya na farko Faransawa suka lura sojojin da suke kwasowa daga Afirka ta Yamma ba sa jure hunturun arewacin ƙasar, ciwon huhu na kashe su. Sai daga 1915 aka kakkafa sansanoni a Fréjus da Saint-Raphaël, inda sanyi ke da sauƙi, ana janye su daga fagen daga su yi hunturu a can. Bayan yaƙi sansanonin suka ci gaba da zama. A 1928 wani hafsa ɗan Afirka, Kyaftin Abdel Kader Mademba, ya kawo shawarar a yi musu gini da zai rage musu kewar gida, aka gama shi a 1930. Har bukkoki da suri na ƙarya aka yi a kewaye don wurin ya yi kama da ƙauye. Kafin su, sojojin Vietnam sun gina nasu wurin ibadar a garin tun 1917, yana nan har yau, kuma su nasu ana ibada a ciki. An sa Missiri cikin gine-ginen tarihi na ƙasa a 1987.

ƊanGarwa:
Kafin a yi nisa, bari in warware wa Bakatsine maganar gunduma, don mu a Kamaru tsarin da muke kai ke nan. Faransa an raba ta manyan yankuna, kowane yanki an raba shi larduna, kowane lardi an raba shi gundumomi, sannan garuruwa masu magajin gari. Lardin nan sunansa Var, yana da gunduma uku: Toulon, Brignoles da Draguignan. Ta Draguignan ce ta gabas, garuruwa 54 ne a cikinta, daga bakin Bahar Rum har kan duwatsun arewa. Gunduma ba ta da majalisa, ba a zaɓen shugabanta. Gwamnati ce ke turo ƙaramin kantoma daga sama. Napoleon ne ya kafa tsarin a 1800.

'YarMaraɗi:
Haka ne ɗan'uwa. Mu ma a Nijar da haka muka tashi, sai daga baya aka ɗaga kowane mataki sama, larduna suka koma jihohi, gundumomi suka hau matsayin larduna. Don haka mutanen Najeriya kar ku ɗauke ta kamar ƙaramar hukuma mai ciyaman da kansiloli, ba haka ba ce.

Bakatsine77:
Na gode ƙwarai. Amma na duba taswira, na ga Fréjus ta fi Draguignan girma. Me ya sa ba ita aka ba sunan gundumar ba?

Malam_Tarihi:
Ta fi ta kam. Fréjus ta haura mutum dubu 50, Draguignan kuwa wajen dubu 40. Amma Draguignan tsohuwar mai mulki ce. Da aka ƙirƙiro lardin Var a 1790, Toulon ce hedikwata. A 1793 mutanen Toulon suka buɗe wa jiragen yaƙin Ingila tasharsu, suka juya wa juyin juya hali baya, sai aka hukunta garin aka ƙwace hedikwatar. Ta je Grasse, ta je Brignoles, a 1797 ta zauna a Draguignan. Ta kai shekara 177 a can. A Disambar 1974 gwamnati ta mayar da ita Toulon, kuma mutanen Draguignan ba su yarda cikin ruwan sanyi ba, sai da aka yi zanga-zanga aka gwabza da 'yan sandan kwantar da tarzoma. Abin da ya rage musu shi ne babbar kotun manyan laifuka ta lardin, sai makarantun soja da aka kawo, ta manyan bindigogi da farko, ta sojan ƙasa ta biyo baya a 2010.

Wani abin kuma, kogin Var da lardin ya ci sunansa ba ya ratsa lardin. A 1860 da Nice ta shigo Faransa, aka yanke gundumar Grasse aka haɗa da ita, kogin ya tafi da su.

HajiyarKantin_Kwari:
Ku dai kun cika tarihi. Yaro ya ce yana son hutu. Ɗana, ka je Saint-Tropez ɗin nan ka gani da idonka, ba laifi ba ne. Ƙaramin gari ne, mazaunansa ba su kai dubu 4 ba, amma da zafi ba ka samun wurin sa ƙafa. Jirgin ƙasa ba ya zuwa can, kuma hanyar mota cunkoso ne tun daga Sainte-Maxime. Ka hau jirgin ruwa daga Saint-Raphaël ko Sainte-Maxime, ya fi sauƙi. Ka daidaita zuwanka da Talata ko Asabar, ranar kasuwar Place des Lices ke nan. Akwai zaitun iri-iri, sabulu, zuma, kwanduna, yadin tebur. Da kasuwa ta watse sai tsofaffi su fito ƙarƙashin itatuwa suna wasan jifan ƙwallon ƙarfe. Ka tafi da abincinka da ruwanka, don tsadar wurin ba ta ɗan makaranta ba ce. Kuma ka riƙa tambaya kafin ka ci, ƙasar inabi ce da giya, naman alade kuwa har cikin abin da ba ka zata ba.

JikanSoja:
Ni maganar masallacin ce ta tsaya min. Kakana ya yi sojan Faransi, daga ƙasar Damagaram aka ɗauke shi, kuma ya zauna a sansanin Fréjus. Ba ya yawan zancen yaƙi, zancen sanyi yake yi. Yana da wata doguwar riga ta ulu mai maɓallan ƙarfe da ya dawo da ita, ko da hunturunmu ba ya sa ta, sai dai ya fito da ita ya shanya ya mayar adaka. Abin da ya ce mana shi ne a fili suke sallah, su jera bayan wanda ya fi su karatu, Bambara da Bafulatani da Bahaushe da Bazabarme. Saboda haka in an ce min an gina musu masallaci, ni ban ga karramawa ba. An gina abin kallo ne. Wanda ke son mutum ya yi sallah rufi yake yi masa da wurin alwala.

Malam_Tarihi:
Allah Ya jiƙan Baba. Ban ƙi taka ba, amma ka tuna wanda ya kawo shawarar ɗan Afirka ne, kuma hannun sojojin ne ya ɗora ginin. Mutumin da ke nesa da gida ya ga siffar da ya sani, ba ƙaramin abu ba ne a zuciyarsa.

JikanSoja:
Amin Malam, na gode. Amma ka faɗi sauran. Ka faɗi abin da ya biyo bayan 1944.

Malam_Tarihi:
Zan faɗa, don a gaɓar wannan gundumar aka yi shi. Ranar 15 ga Agusta 1944, a yaƙin duniya na biyu, sojojin ƙawance suka sauka a kudancin Faransa: Cavalaire, Pampelonne kusa da Saint-Tropez, Sainte-Maxime, da Dramont a Saint-Raphaël. Amurkawa ne suka sauka a waɗannan wurare da safe, 'yan lema kuma suka dira cikin dare wajen Le Muy da La Motte. Daga washegari rundunar Janar de Lattre de Tassigny ta fara sauka, kuma kaso mai yawa nata 'yan Afirka ne: Aljeriya, Maroko, Tunisiya, da baƙaƙen fata daga ƙasashenmu, waɗanda duk ake kira 'yan Senegal ko daga ina suka fito. Kafin ƙarshen watan sun ƙwato Toulon da Marseille daga hannun Jamus. Da kaka ta shigo aka janye baƙaƙen daga rundunar, aka karɓe kayansu aka ba matasan Faransawa 'yan gwagwarmaya, da hujjar sanyi. Ranar 1 ga Disamba 1944 kuma aka buɗe wa wasu tsofaffin fursunonin yaƙi wuta a Thiaroye kusa da Dakar saboda sun nemi haƙƙinsu. A 1959 aka daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da za su sami 'yanci, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai bayan shekara 50, lokacin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

ƊanGarwa:
Akwai maƙabartar soja a Boulouris, cikin Saint-Raphaël, de Gaulle ya buɗe ta a 1964, mutum 464 ke kwance. A can Macron ya tsaya a 2019 ya roƙi magadan gari su sa wa tituna sunayen sojojin Afirka. A bikin cika shekara 80, a 2024, shugabanmu Paul Biya ya yi jawabi a wurin. Bakatsine, in ka je ka duba duwatsun kaburburan, za ka ga na Musulmi daban da masu gicciye, jere da juna. Ka yi musu addu'a.

JikanSoja:
Sunan titi bayan shekara 75. To.

ZangonKumasi:
Yaya JikanSoja, zafin da kake ji gaskiya ne, namu kakannin Ingila ce ta kai su Bama, labarin kusan ɗaya. Amma ni ina ganin dalilin zuwa ke nan, ba dalilin ƙin zuwa ba. In mu ba mu je mun tsaya a kansu ba, wa zai je?

BaƙonMarseille:
A bakin tekun Fréjus ma akwai gunkin tunawa da sojojin baƙar fata, na tagulla, an kafa shi a 1994, da kalaman Senghor, tsohon shugaban Senegal, a jiki. Masu wanka na wucewa ta gabansa da tawul a kafaɗa, da wuya ka ga wanda ya tsaya. Akwai kuma gidan tarihin rundunar sojan da ta riƙe ƙasashen mulkin mallaka, ba nisa da Missiri. Na sojoji ne, don haka da bakinsu suke ba da labarin, ka shiga da saninka.

UmmuHanif:
To yanzu Musulmin garin ina suke sallah?

BaƙonMarseille:
Suna da masallacinsu na gaske, Hajiya, a wata unguwa cikin gari. Shi ma sai da aka sha shari'a. Magajin garin na lokacin, David Rachline na jam'iyyar Le Pen, wanda ya hau a 2014, ya ƙi ba da izinin buɗewa, har magana ta kai babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati, sannan aka buɗe a farkon 2016. A Draguignan ma akwai Musulmi da yawa, galibi 'yan Arewacin Afirka, kuma ana samun mahautan halal.

InjiniyanRuwa:
Ni abin da zai kai ni gundumar nan daban ne. Sunansa Malpasset. Madatsar ruwa ce a kan rafin Reyran, arewa da Fréjus, siririya mai lanƙwasa, tsayinta wajen mita 60, an gama ta a 1954. Wanda ya zana ta, André Coyne, yana cikin gwanayen duniya a wannan fanni. Shekaru ta yi ba ta cika ba. A ƙarshen 1959 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta cika maƙil, ranar 2 ga Disamba da ƙarfe 9:13 na dare ta fashe. Ruwa kusan kubik mita miliyan 50 ya gangaro, cikin minti 20 da 'yan kai ya isa Fréjus. Mutum 423 suka rasu.

Abin da ya sa ake koyar da ita har yau shi ne simintin bai gaza ba. Dutsen da ta jingina da shi ta hagu ne ke da tsaga a ƙarƙashi, ruwa ya shiga ya taru, ya tura dutsen gaba ɗaya. Ba a binciki ƙasan yadda ya kamata ba kafin gini. Daga nan ne aka ɗauki binciken dutse da magudanan rage matsin ruwa a ƙarƙashin madatsa da muhimmanci. Ana zuwa wurin da ƙafa, ta ƙarƙashin gadar babbar hanya. Za ka tarar da guntayen siminti masu girman ɗaki zube a cikin kwari, ƙarafa sun lanƙwashe sun yi tsatsa, nesa da inda bangon yake. Duk ɗalibin injiniya da ya shigo kudancin Faransa bai je nan ba ya yi asara.

'YarMaiduguri:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mu da muka ga Alau a 2024 mun san abin da ruwan dare yake nufi. Allah Ya kiyaye gaba.

InjiniyanRuwa:
Amin 'yar'uwa. Kuma yankin bai rabu da ruwa ba. A Yunin 2010 rafin Nartuby ya cika ya shiga Draguignan da garuruwan ƙasa da ita har zuwa kogin Argens, mutum fiye da 20 suka mutu. Ƙasar duwatsu ce, ruwan wata biyu kan sauka a yini ɗaya. Da zafi kuma gobarar daji, in iskar mistral ta taso. Ta Agustan 2021 ta ci wajen hekta dubu 7 a tsaunukan Maures da filin da ke gindinsu. Shi ya sa a ranakun haɗari hukuma ke rufe dazuzzukan, ka duba sanarwa kafin ka fita yawo.

Ɗalibin_Azhar:
Ba wanda ya ambaci abin da ya fi ba ni mamaki. Musulmi sun yi mulki a wannan gaɓar fiye da shekara dubu da suka wuce. Wajen 889 wasu mutanen Andalus suka sauka a mashigin tekun Saint-Tropez, suka kafa sansanin da Turawa ke kira Fraxinetum, Larabawa kuma Jabal al-Ƙilal. Sun kai shekara 80, suna kai hari har mashigan tsaunukan Alps. A 972 suka kama Maiolus, shugaban gidan ibadar Cluny, suka karɓi fansa, wannan ne ya haɗa kan sarakunan Provence, wato wannan yanki, suka kore su a 973. Ganuwarsu tana nan a saman ƙauyen La Garde-Freinet.

Malam_Tarihi:
Duk daidai ne, Malam, sai jimlar ƙarshe. Kangon da ke saman La Garde-Freinet an daɗe ana danganta shi da su, amma da masu tono suka bincika sun tarar ginin bayan zamaninsu ne, daga wajen ƙarni na 12. Shaidar da ta fi ƙarfi a ƙarƙashin teku take: jiragen ruwa na ƙarni na 10 da suka nutse, ɗaya a gaban Agay, ɗauke da tuluna da kayan Andalus. Sannan kar mu ƙawata abin, mutanen nan sun yi fatauci, sun kuma yi kamen bayi da fashi, kamar yadda ake yi a tekun a wancan zamani ta kowane ɓangare.

Ɗalibin_Azhar:
Na karɓi maganar kangon. Amma labarin fashin daga alƙalamin abokan gabarsu ya fito, limaman coci ne suka rubuta yawancinsa. A yi masa karatun hankali.

HajiyarKantin_Kwari:
Ga shi kun sake komawa. Ɗana Bakatsine, kana nan kuwa?

Bakatsine77:
Ina nan Hajiya, rubutawa nake yi. Yanzu matsalata ta juye, abin ya fi ƙarfin hutun. In mutum ba shi da mota fa?

BaƙonMarseille:
Ka sauka a Fréjus ko Saint-Raphaël, suna manne da juna, kuma suna kan layin jirgin Marseille zuwa Nice. Cikin Fréjus da ƙafa za ka ga kayan Rumawa. Julius Kaisar ne ya kafa garin, Forum Julii, kuma nan aka kawo jiragen da aka ƙwace a yaƙin Actium, shekara 31 kafin haihuwar Annabi Isa. Tashar jiragen yanzu ta cike ta zama tudu, teku ta ja baya. Akwai filin wasansu, da ginshiƙan hanyar ruwa da ta taso daga Mons, wajen kilomita 40. Filin wasan an yi masa gyara da siminti mai yawa, mutane da dama ba su ji daɗin aikin ba, ni ma haka. Daga Saint-Raphaël ka hau ƙaramin jirgi mai tsayawa Boulouris da Dramont da Agay, nan ne jajayen duwatsun Estérel ke gangarowa cikin shuɗin ruwa. A ganina duk gundumar babu inda ya kai nan kyau. Draguignan kanta jirgi ba ya shiga, a Les Arcs ake sauka a hau bas.

'YarMaraɗi:
Kuma arewacin gundumar fa? Kowa teku yake ta faɗa. Ƙanwata na aure a wajen Fayence, ƙauyukansu a kan duwatsu suke, Seillans, Mons, Tourrettes, da tafkin Saint-Cassien a ƙasa. Can sama akwai Bargème, ƙauyen da ya fi kowanne tsayi a lardin, ya haura mita 1,000, da hunturu har ƙanƙara. Daga Comps da Trigance ake shiga kwazazzabon Verdon, zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 700. Sai dai babban yanki na arewan soja ne suka riƙe, sansanin Canjuers, hekta dubu 35, har an tashi ƙauye guda saboda shi. Hanya na ratsawa amma an hana tsayawa.

BaƙonMarseille:
Gaskiya ne Anti, amma can sai da mota. Bas ɗin ƙauyukan nan ba abin dogaro ba ne ga baƙo.

JikanSoja:
Bakatsine, in ka je Boulouris ina da roƙo. Ka ɗauko hoton sunayen da ke kan kaburburan Musulmi, yadda za su karantu. Faransawa sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji, amma mai gida zai gane nasa. Akwai ƙanin kakana da suka tafi tare bai dawo ba, har yau ba mu san inda yake kwance ba. Ban sa rai yana can ba, amma a duba.

Malam_Tarihi:
Ka kuma gwada shafin ma'aikatar tsaronsu na intanet, Mémoire des hommes, akwai sunayen waɗanda suka mutu a yaƙoƙin biyu. Ka riƙa sauya rubutun sunan, Mahamadou, Mamadou, Amadou, ka haɗa da Zinder a wurin haihuwa. Sau da yawa sunan uba ko na gari suke sawa a matsayin sunan dangi.

UmmuHanif:
Ni har yanzu ban gamsu da kiran wancan ginin masallaci ba. A kira shi abin tunawa, shi ke nan.

Ɗalibin_Azhar:
Hajiya, in an yi niyyar masallaci aka kuma taɓa yin sujada a harabarsa, hukuncinsa na iya bambanta. Sai an san yadda aka yi waƙafinsa.

ZangonKumasi:
Wane waƙafi kuma, Malam, a filin barikin soja?

Bakatsine77:
JikanSoja, in sha Allahu zan ɗauko, turo min cikakken sunansa ta akwatin sirri da shekarar da aka ɗauke su in ka sani. BaƙonMarseille, bas ɗin da ke zuwa wajen Missiri daga tashar Fréjus yake tashi ko daga Saint-Raphaël? Kuma yana aiki ranar Lahadi?